Yadda Za Ka Ƙulla Labarin Bincike a Cikin Birnin Kano

Matasa da dama suna turo mini labaran bincike da suka rubuta in duba musu, kuma kusan kullum matsala guda nake tararwa. Sunayen mutanen na Hausa ne, unguwar ma an ce Gwammaja ce ko Tarauni, amma da zarar an ga gawa sai garin ya sauya. Jami'i ya iso cikin minti biyar da safar hannu, a zagaye wurin da igiya, a kwashi zanen yatsu, a kai mamaci ɗakin gwaji ya yi mako guda, dangi kuma babu mai cewa uffan. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a garin nan ya san ba haka lamarin yake ba. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, an share ɗakin, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Marubutanmu suna ganin wannan cikas ne, sai su gudu su aro tsarin wata ƙasa. Ni kuwa a ganina a nan arzikin yake, kuma abin da nake so in nuna maka ke nan, ɗan'uwa marubuci, ke ma 'yar'uwa.

Bari mu ɗan dubi wadda ta fi kowa cin moriyar wannan fanni a duniya, wato Agatha Christie. An haife ta a 1890 a Torquay, wani gari na bakin teku a Ingila. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko ta yi aikin jinya na sa-kai a asibitin garinsu, daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magani, inda ta koyi wane magani ne yake warkarwa idan an sha kaɗan, yake kuma kashewa idan an zarce. A garin nasu a lokacin akwai 'yan gudun hijira da yaƙi ya koro daga Beljiyam. Yayarta ta taɓa ce mata ba za ta iya rubuta labarin bincike ba. Sai ta ɗauki abu biyun da ke gabanta, guba daga wurin aikinta da baƙi daga titin garinsu, ta ƙirƙiro tsohon ɗan sandan Beljiyam mai suna Hercule Poirot. Ta rubuta littafin a 1916, kamfanonin ɗab'i suka yi ta dawo mata da shi, sai a 1920 ya fito da sunan The Mysterious Affair at Styles. Ta rasu a 1976 ta bar littattafan bincike 66 da kundin gajerun labarai 14, kuma ana ƙiyasta an sayar da kwafi kusan biliyan 2 na ayyukanta. Wasan kwaikwayonta The Mousetrap tun 1952 ake yin sa a Landan, ba a taɓa dakatawa ba sai da annobar korona ta rufe gidajen wasa a 2020. Duk wannan ɗaukaka daga abin da ta sani a hannu ta faro.

Na san wani zai kawo mini misalin James Hadley Chase, wanda mu da muka tashi muna sayen tsofaffin littattafai a Sabon Gari muka sha karantawa. Gaskiya ne Baturen Ingila ne, kuma da taswira da ƙamus na maganar 'yan titi ya rubuta yawancin labaransa na Amurka. Amma masu karatunsa da yawa, irinmu, ba su taɓa taka Amurka ba balle su kama shi. Kai kuwa mai karatunka a Kano yake kwana yake tashi. Idan ka ce an taso daga Kurna an isa Hotoro cikin minti goma da yamma a Adaidaita Sahu, ya ajiye littafinka ke nan.

Rubuta ƙarshen kafin farkon

Kafin ka rubuta layin farko na babi na ɗaya, samu takarda guda ka rubuta abin da ya faru a zahiri, tiryan-tiryan, yadda mai laifin zai faɗa idan ya yi ikirari. Wa ya yi, me ya sa, ƙarfe nawa, da me, ina ya bi, wa ya gan shi bai gane ba. Wannan takardar ba ta shiga littafi, amma kowane babi daga cikinta yake fitowa.

Ga misali da zan riƙa komawa kansa. Wani Alhaji ne mai sayar da shadda a Kantin Kwari, matansa biyu, 'ya'yansa sun girma, yana da babban yaron shago da suka shekara da shekaru tare. An tarar da shi ya rasu a turakarsa da asuba, kowa ya ce hawan jini ne. Abin da ke takardata shi ne: Alhaji ya ce bayan Babbar Sallah za a ƙirga kayan sito, babban yaron kuma ya san diloli sun yi ɓatan dabo ta hannunsa. Ya zo bayan isha'i kawo kuɗin ciniki kamar kullum, ya danne shi da matashi, ya gyara masa kwanciya, ya fita da wayar Alhaji a aljihu. Ƙarfe 2 na dare yana kasuwa a tsakiyar 'yan dako ana sauke kaya daga babbar mota, sai ya aika wa amarya saƙo daga wayar Alhaji cewa ta tashe shi da asuba zai yi sammakon Kaduna. Da gari ya waye aka fasa kuka, yana cikin na farkon shigowa, ya zura wayar ƙarƙashin matashi. Yanzu kowa ya yarda Alhaji yana da rai ƙarfe 2, kuma mutum goma za su rantse babban yaron yana kasuwa daga tsakar dare har kiran assalatu.

Ka lura takardar ta ba ni dalili, ta ba ni hanya, ta kuma ba ni ƙaryar da labarin zai tsaya a kanta. Aikin da ya rage shi ne in nemo inda ƙaryar take yoyo.

Wanda ya taɓa gawar shi ne likitanka

Tunda ba za a kai Alhaji ɗakin gwaji ba, kuma danginsa ba za su yarda a tsaga shi ba, tambayi kanka wa ya taɓa jikinsa kafin a rufe shi. Akwai dattijon maƙwabci da aka kira da asuba ya rufe masa ido ya ɗaure masa haɓa. Akwai masu wanka. Waɗannan mutane sun ga gawa fiye da yadda wani sabon likita ya gani, kuma hannunsu ya san abin da ya saba.

Ga abin da ya kamata ka sani. Jikin mamaci yana fara sandarewa tsakanin awa 2 zuwa 6 bayan fitar rai. Daga fatar ido da muƙamuƙi da wuya yake farawa, ya gangara hannuwa, ya ƙare a ƙafafu, kuma yakan kai wajen awa 12 kafin ya game jiki duka. Zafi yana gaggauta shi, sanyi yana jinkirta shi. To ka sa dattijon nan ya durƙusa gaban gadon, ya yi salati, ya sa tafin hannu zai haɗe bakin Alhaji ya ji muƙamuƙin ya ƙi motsi. Ya kama gwiwa zai miƙar da ƙafa ita ma ta ƙi. Ya ɗaga kai ya dubi amarya da ke gefe tana kuka tana cewa ƙarfe 2 ma ya turo mata saƙo. Dattijon bai ce komai ba, domin ba wurin magana ba ne, kuma mutumin kirki ba ya tayar da fitina a kan gawa. Amma a ransa ya san wanda ya cika bayan ƙarfe 2 bai kamata ƙafarsa ta riga ta ƙage haka ba. Wannan shirun nasa zai iya riƙe maka babi uku, har ranar sadakar bakwai da abin ya ishe shi ya faɗa wa wani.

Wani abu da masu kwaikwayon littattafan Turawa suke tafka kuskure a kai shi ne sanyin gawa. A can ana taɓa jiki a ce ya huce, don haka ya daɗe da mutuwa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, a Kano kuwa cikin Afrilu zafin gari yana haura 40, gawa ba za ta huce yadda suke faɗa ba. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, lissafin daban ne. Saboda haka zaɓi watan da labarinka yake faruwa tun a takardar farko, kada ka bar shi a iska.

Wa zai yi binciken

Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce: wa yake da ikon shiga ina? Ɗan sanda namiji ya zo gidan Alhaji iyakarsa zaure, sai an yi masa iso, kuma duk matar da aka fito masa da ita cikin hijabi za ta ba shi amsa guntu-guntu, idonta a ƙasa. Amma dillaliya tana shiga har ƙuryar ɗaki da ƙullin kayanta, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye, ta san wadda take bin adashi. Ungozoma, mai kitso, mai ƙunshi, 'yar aiki, duk haka. Su kuma ba za su iya zama a majalisar ƙofar gida ko rumfar kasuwa su ji hirar maza ba. Garinmu rabe yake gida biyu, kuma kowane ɓangare rabin gaskiya yake riƙe da shi. Shi ya sa nake ba da shawarar masu bincike biyu da ke da dalilin haɗuwa kullum su haɗa abin da suka ji: wa da ƙanwa, ko miji da mata, ko tsohon sufeto mai ritaya da 'yarsa malamar asibiti.

Christie ta gane wannan sirrin. Bayan Poirot ta ƙirƙiro Miss Marple, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, tsohuwa ce 'yar ƙauye da ba wanda yake ɗauka da muhimmanci, don haka kowa yake sakin baki a gabanta. Muna da irinta a kowane lungu na Mandawari da Yakasai.

Sannan ka tuna da idanun da ba a lissafawa. Mai shayi da ba ya tashi sai ƙarfe 1 na dare. Mai gadin layi. Ɗan garuwa da yake shiga gida-gida da safe. Almajirin gidan da yake zaune a zaure yana jiran a miƙo masa kwano, manya suna magana a kansa kamar ba ya nan. A labarin Alhaji, almajirin ne ya ga babban yaron ya fito bayan isha'i bai tsaya an yi masa rakiya ba, alhali kullum Alhaji yakan taka masa har bakin ƙofa.

Lokaci ma da salla muke auna shi, kuma wannan kyauta ce ga marubuci. "Bayan isha'i" na iya zama ƙarfe 8 da rabi, na iya zama 10. Wanda kullum yake sahun farko aka rasa shi da asuba, sai an tambaya. Ɗauke wuta ma shaida ce: idan mutum ya ce yana ɗaki yana kallon labarai ƙarfe 9, alhali duk layin sun san tun magariba babu wuta kuma ba a ji ƙarar janaretonsa ba, ya kama kansa.

Kowa ya yi ƙarya, amma don dalilinsa

Mutum huɗu zuwa shida da za a iya zargi sun isa. Idan sun fi haka mai karatu zai rikice, idan ba su kai ba zai gano da wuri. Kowannensu ka ba shi abin da yake ɓoyewa wanda ba kisan ba ne. Amarya ce da girki a daren, ta ce tana ɗakinta, alhali ta saci jiki ta je kamun ƙawarta ba da izini ba. Babban ɗa ya ce yana gidan abokinsa, alhali yana gidan kallon ƙwallo ya zuba kuɗin makaranta a caca. Uwargida ta ɓoye cewa sun yi sa-in-sa da Alhaji da la'asar a kan fili. Duk lokacin da mai bincike ya tono ƙarya ɗaya, mai karatu zai ce ga shi nan an kama, sai kuma ta warware ta wata fuska. Haka tsakiyar littafi take tafiya.

Idan gado ne dalilin da kake so a zarga, don Allah ka zauna ka yi lissafinsa, ko ka je wurin malamin da ya san fara'ili ya yi maka. Matan mamacin da ya bar 'ya'ya tumuni suke rabawa a tsakaninsu, wato ɗaya cikin takwas, idan su biyu ne kowacce ɗaya cikin 16 ke nan. Ƙanin mamaci ba ya cin komai matuƙar akwai ɗa namiji. Wanda ya kashe ba ya gadon wanda ya kashe. Kuma ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi, wato ɗaya cikin uku. Na sha karanta labarin da ƙani ya kashe wansa mai 'ya'ya maza biyar don ya gaji dukiya, kuma duk wani ɗalibin Islamiyya zai gane wannan ba ya tsayuwa. Dubi kuma yadda wannan hukunci yake yi wa labarina aiki: tunda dole a tantance bashi da dukiya kafin rabo, dole a buɗe sito a ƙirga diloli, abin da babban yaron ya yi kisa don ya hana. Ya sayi lokaci ne kawai, kuma yanzu agogo yana bin sa.

Christie sai ta tsayar da jirgin ƙasa cikin dusar ƙanƙara ko ta kai mutane tsibiri kafin ta tsare su wuri guda. Kai al'ada ta riga ta yi maka wannan. Zaman makoki yana tara kowa a ƙofar gida, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suna dawo da su, matan kuma suna takaba wata huɗu da kwana goma a cikin gidan da abin ya faru, suna kallon juna. Ranar rabon gado kuwa, da dangi da malamai da shaidu duk suna zaune, babu wurin da ya fi ta dacewa da fasa ƙwai.

Yadda ake ɓoye alama a fili

Amanar da ke tsakaninka da mai karatu ita ce duk abin da mai bincike ya gani shi ma ya gani. Idan a babin ƙarshe ka fito da wata wasiƙa da ba a taɓa ambata ba, ka ci amanarsa. Gwanintar ita ce ka nuna masa alamar ya gan ta da idonsa, ya wuce bai ɗauka ba.

Babbar alamar labarina ita ce Alhaji karatun allo ya yi, ajami yake rubutawa, bai taɓa buga saƙo da boko a waya ba, murya yake aikawa. Ba zan faɗi haka kusa da maganar saƙon ƙarfe 2 ba. Zan sa shi tun babi na biyu, a zaman makoki, 'yan matan gidan suna kuka suna dariya suna tuna yadda Baba yake aiko musu saƙon murya mai tsawon gaske, ya fara da gaisuwa ya ƙare da addu'a, abin da yake so a sayo kuma yana can tsakiya. Mai karatu zai ɗauka ina nuna masa halin mamaci ne, zai ji tausayi, ya wuce. Alamar da aka lulluɓe da tausayi ko dariya ita ce ta fi ɓoyuwa. Wata hanyar ita ce ka jera ta cikin tarkace: mai bincike ya duba ɗakin ya ga tazbaha, da kwalbar turare, da makullan mota, da waya a ƙarƙashin matashi, da cajarta can a jikin bango. Wanda ya karanta da kyau zai tambayi me ya sa mutumin da kullum yake kwana da wayarsa a caji ya tura ta ƙarƙashin kai. Ta uku ita ce ka sa babban tashin hankali ya biyo bayan alamar nan take, a yi faɗa ko wani ya suma, hankalin mai karatu ya koma can.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini labarinta, mai kyau ƙwarai har kusan ƙarshe, sai ga mamaciyar ta zo wa ƙanwarta a mafarki ta faɗi sunan wanda ya kashe ta. Na ce mata, "Ƙanwata, to wahalar da mai bincikenki ya sha tun babi na ɗaya fa, ta mece ce?" Ta ce, "Malam, ai mutanenmu sun yarda da mafarki." Na ce haka ne, kuma ki bar su su yarda. Mutanen cikin labarinki su zargi sammu, su kira mai ruƙiyya, su ce kishiya ce ta yi asiri. Mai laifi mai wayo ma da wannan zai fake, ya bar jita-jitar jifa ta yaɗu don kada a dubi sito. Amma warwarar dole ta fito daga abin da hankali zai iya bi. Tun 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na wannan fanni, daga ciki akwai cewa mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware da abin da ya fi ƙarfin ɗan'adam, kada kuma sa'a kawai ta taimaki mai bincike. Wasu ƙa'idojin nasa sun tsufa, amma waɗannan ukun ina nan a kansu.

Idan guba za ka yi amfani da ita, ka nemi ma'aikacin lafiya ya gaya maka alamomin da ake gani a jikin wanda ya sha, ka rubuta su daidai. A 1977 wata ma'aikaciyar jinya a Landan ta gane ciwon wata jaririya da aka kawo daga Katar saboda ta karanta irin alamomin a wani littafin Christie, aka ceto yarinyar. Amma kada ka rubuta adadi ko yadda ake haɗawa. Shinkafar ɓera da fiya-fiya suna nan a ko'ina, kuma ba ka san a hannun wa labarinka zai faɗa ba.

Hukuma

Ka ware safiya ka je kotu ka zauna a bencin baya, a buɗe take ga kowa. Je Kotun Majistare ta Nomansland, je Babbar Kotu a Sakatariyar Audu Bako, ka ji yadda mai gabatar da ƙara yake karanto tuhuma, yadda tafinta yake juya magana, yadda ake cewa "ya musanta", "an ɗage zaman". Shari'ar kisa daga caji ofis na unguwa ake mayar da ita sashen binciken manyan laifuka a Bompai. Majistare ba shi da hurumin yanke ta, sai dai ya tura wanda ake zargi ajiya a Kurmawa ko Goron Dutse, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, sannan a gurfanar a gaban kotun da ke da hurumi. Sashe na 221 na kundin Penal Code shi ne na kisan da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Tono gawa kuma sai da umarnin hukuma, ba abu ne da sufeto zai tashi da safe ya yi ba. Kada ka manta da mai unguwa, domin sau da yawa shi ake fara gaya wa kafin 'yan sanda.

Idan kuma abin da kake so ka rubuta na tsere da fargaba ne, inda mai karatu ya san mugun tun farko yana dai jiran ya ga ko za a tsira, yawancin abin da na faɗa yana aiki, sai dai ka ƙara wa'adi: kafin jirgin alhazai ya tashi, kafin a ɗaura aure ranar Asabar. Muna da magabata a wannan layin, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare duk a 1982 suka fito, ka neme su.

Kafin ka saki

Yanzu da yawa a waya ake sakin labari, shafi-shafi, a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Labarin soyayya zai iya jure a riƙa rubutawa ana sakewa. Na bincike ba zai jure ba, domin sai ka kai babi na ashirin za ka gane kana bukatar dasa wata alama a babi na uku, shi kuwa ya riga ya shiga wayoyin mutane. Gama shi tukuna. Sannan ka cire babin warwara, ka ba mutum uku masu son karatu sauran, ka ce kowa ya rubuta wanda yake zargi da hujjarsa. Idan duk sun gano, alamominka sun yi tsirara, ka ƙara musu sutura. Idan babu wanda ya gano, ba su babin ƙarshe ka kalli fuskarsu. Wanda ya dafe kai ya koma baya yana neman shafin saƙon murya, aikinka ya yi. Wanda ya ce "to ta yaya zan sani?", akwai gyara a gabanka.

Sai maganar yarjejeniya. Christie ta sa hannu a takardar littafinta na farko cikin murna ba ta karanta da kyau ba. Ba ta da ko sisi sai an sayar da kwafi 2,000, an kuma ɗaure ta da ƙarin littattafai biyar, kuma abin da ta samu a wannan littafi fam 25 ne. Sai da ta samu wakili, ta kuma cika alƙawarin, sannan ta koma wani kamfani. Labarin bincike mai kyau masu fim za su nema, masu karantawa a YouTube da rediyo ma za su nema. Duk wanda ya zo, ko ɗan unguwarku ne, a rubuta: wane haƙƙi ka ba shi, na karantawa ne ko na fim, na shekara nawa, nawa zai biya kuma yaushe, sannan sunan mai bincikenka da damar sake amfani da shi a littafi na gaba su zauna a hannunka. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.